Na'urar ganga a ɗakin haya: abin da ma'aikaci zai auna kafin ya zaro kuɗi

Ranar wata Lahadi da yamma wani ɗan'uwana ya turo mini hotuna uku a waya, kowanne na wani ɗan akwati mai maɓallai da fitilu, ya bi su da tambaya guda: wanne zan saya? Ma'aikaci ne a ɗaya daga cikin ma'aikatun da ke Sakatariyar Tarayya, yana haya a Kubwa, ɗaki biyu da falo. Tun muna sakandare yake rubuta waƙa, kuma a 'yan shekarun nan ya saba idan albashi ya shigo ya ware wani abu ya tafi situdiyo ranar Asabar. Kuɗin na ci masa rai, amma akwai abin da ya fi kuɗin ci masa rai. Sai ya kwashe mako guda yana raya kiɗa a zuciyarsa cikin cunkoson hanyar Kubwa, ya isa situdiyo ya tarar da mutum huɗu a layi, cikin minti ashirin a ɗora masa bugun da aka ɗora wa wanda ya riga shi, a ɗan ƙara masa sauri, a ce ya shiga ya rera. A wannan watan shi ya kwashi adashin ofishinsu, ya kuma ƙudurta zai sayi na'urar ganga ya riƙa gina kiɗansa a gida.

Ni ya tambaya domin ya san na taɓa yin irin wannan sayayya, ya kuma san yadda ta ƙare. Zan zo kan wannan. Na ga dacewar in shimfiɗa amsar da na ba shi a nan, saboda irinsa suna da yawa a garin nan: mai rubuta bege, mai koyar da ƙungiyar mawaƙa a coci, mataimakin ɗan majalisa da ke gwada baitoci da dare, da wanda kawai yake son abin da zai wanke masa kai bayan takardun ofis.

Na'urar ganga aiki biyu take yi. Tana riƙe da sautukan kayan bugu, sannan tana jera su a kan lokaci ta yi ta maimaitawa ba gajiya. Hotuna ukun da ɗan'uwana ya turo, ba tare da ya sani ba, sun faɗo a kan manyan dangogi uku na wannan na'ura. Na farko Behringer RD-8 ce, ta biyu tsohuwar Alesis SR-16 ta hannu, ta uku kuma wata 'yar ƙarama mai kama da kalkuletar ɗan kasuwa, EP-133 ta kamfanin Teenage Engineering na Suwidin. Hankalinsa ya fi karkata ga ta farkon, don ita ce ta fi girma, ita ce kuma ta yi kama da kayan situdiyo.

RD-8 kwaikwayo ce ta na'urar da ta fi kowace suna a wannan fage, wato TR-808 da kamfanin Roland na Japan ya fitar a 1980. Ba a naɗi sautin wata ganga an zuba a cikin 808 ba. Wayoyin lantarkin cikinta ne ke ƙirƙirar sautin, shi ya sa da ta fito makaɗa suka raina ta, suka ce ba ta yi kama da ganga ba. A shekarar ce Roger Linn ya fitar da LM-1 a Amurka, wadda ke ɗauke da sautin ganguna na gaske da aka naɗa, a kan kusan dala 5,000, yayin da 808 take dala 1,195. Masu hali irin su Prince suka tafi ga ta Linn. Roland ya ƙera 808 wajen 12,000 ya daina a 1983, ta koma kayan gwanjo, sai matasan da ba su da kuɗin babban situdiyo suka kwashe ta. Marvin Gaye ya gina waƙarsa Sexual Healing a kanta a 1982, Afrika Bambaataa ya yi Planet Rock a shekarar, daga nan babbar gangarta mai gurnani ta zama ginshiƙin kiɗan hip hop har zuwa yau.

SR-16 daga zuriyar tunanin Linn take. An fitar da ita a 1990, kuma har yanzu ana ƙera ta, abin da ba kasafai ake gani ba a kayan lantarki. Tana da sautuka 233 da aka riga aka naɗa da tsararrun bugu da ke jiran a danna. Ga mai kaɗa jita da ke son abokin atisaye, ko majami'ar da ba ta da mai ganga, ta wadatar. Sai dai abin da aka zuba mata a masana'anta shi za ta mutu da shi.

Dangi na uku su ne masu naɗar sauti. Ka tafa hannu, ka buga ƙwarya, ka daka taɓarya a turmi, su ɗauka su ajiye a ƙarƙashin maɓalli, ka riƙa bugawa da yatsa. Kakarsu ita ce MPC60 da Akai ya fitar a 1988, kuma Roger Linn ɗin nan ne ya tsara ta.

Mu ma ba baƙi ba ne a wannan tarihi. William Onyeabor ya gina situdiyonsa a Inugu, ya fitar da fayafayai tsakanin 1977 da 1985 da kayan kiɗan lantarki a lokacin da 'yan ƙalilan ne ke da su a ƙasar nan. A Yamai, Mamman Sani ya naɗi kaset a 1978 da wata molon lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla, kiɗan da gidajen rediyo da talabijin na Nijar suka daɗe suna sakawa tsakanin shirye-shirye, kafin kamfanin Sahel Sounds ya sake fitar da shi a 2013. A Kano kuwa, daga shekarun 1990, fiyanon Yamaha ne ya zama ganga da algaita da goge gaba ɗaya a waƙoƙin finafinai, lamarin da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kansa. Duk wanda ya taɓa zama a wani situdiyo a titin Gidan Zoo ya ga yadda mutum ɗaya da yatsu goma ke maye gurbin ayarin makaɗa. Abin da wannan ya haifar kowa ya ji shi: kiɗa ya yi araha, ya kuma fara kama da juna.

Sha shida da sha biyu

Abu na farko da na ce wa ɗan'uwana ya duba ba ya cikin abin da masu talla ke rubutawa da manyan baƙaƙe. A gaban yawancin waɗannan na'urori akwai jerin maɓallai goma sha shida. Kowane maɓalli gurbi ne na lokaci. Fitila na bin su ɗaya bayan ɗaya, duk gurbin da ka kunna nan ganga za ta faɗi, idan ta kai ƙarshe ta dawo farko. Sha shida ɗin nan taku huɗu ne, an raba kowane taku gida huɗu. Haka akasarin kiɗan rawa na Turai da Amurka yake tafiya, kuma dominsa aka ƙera na'urorin.

Mai karatu ya gwada wannan a kan teburinsa. Ya riƙa buga ƙafa a hankali, a kowane taku ya ce «bagaruwa». Gaɓa huɗu ke nan a taku guda. Sannan, ba tare da sauya saurin ƙafar ba, ya koma cewa «Katsina». Gaɓa uku. Zai ji jikinsa ya sauya zama, kafaɗa ta fara rausaya. Da yawa daga cikin kaɗe-kaɗenmu na gargajiya, da na maƙwabtanmu a Afirka ta Yamma, a kan wannan ukun suke tafiya: taku huɗu, gurbi goma sha biyu. Wanda ya taso da kiɗan biki da na dandali, wannan rausayar ce ke kunnensa, ko da bai san lissafinta ba. Idan ya zauna gaban gurabe sha shida ya yi ta ƙoƙarin cusa abin da yake ji a ciki, zai ga kiɗan ya fito a sandare kamar faretin 'yan sanda, ya ɗauka shi ne bai iya ba.

Na'urori da yawa suna iya komawa sha biyu, amma sauƙin yin hakan ya bambanta ƙwarai. A na Roland irin su TR-8S da ƙanwarta TR-6S akwai inda ake zaɓar rabon uku-uku, da inda ake faɗa wa na'ura a gurbi na nawa za ta juyo. A Korg Volca Beats ana kashe gurabe huɗu ne a bar sha biyu. A EP-133 da dangin MPC ana zaɓar tazarar uku-uku kafin a fara bugawa. Shawarata ita ce kada mutum ya biya kuɗi sai ya ga an yi wannan a gabansa, ko ya nemo littafin na'urar a intanet, wanda kyauta ne, ya karanta shafin da idonsa. Mai shago zai ce tana yi. Yawancinsu ba su taɓa gwadawa ba.

Akwai kuma wani maɓalli da kan ruɗi mutane, wanda zan kira rangaji. Aikinsa ya ɗan jinkirta kowane gurbi na biyu, don bugun ya daina tafiya kamar agogo. A MPC ana auna shi daga kashi 50 zuwa 75 cikin ɗari: a 50 babu jinkiri, a wajen 66 kuma gurbin ya faɗa daidai inda na ukun uku-uku yake. Wasu sukan ɗauka wannan ya biya buƙata. Bai biya ba, domin ya ba ka «Ka» da «na» ne ya hana ka «tsi». Gurbin tsakiya babu shi, kuma a nan ƙananan ganguna ke yin zancensu. Rangaji kayan ƙamshi ne mai kyau ga kiɗan huɗu-huɗu, amma ba ya mayar da shi uku.

Hanya mafi nisa ita ce a kashe gyaran lokaci gaba ɗaya, na'ura ta naɗi bugun yatsunka yadda ya zo, da ɗan gaggawarsa da ɗan jinkirinsa. Da haka J Dilla na Detroit ya yi suna kafin rasuwarsa a 2006, har MPC3000 ɗinsa take ajiye yau a gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka da ke Washington. Wannan sai na'ura mai fuskokin roba da ke jin ƙarfin bugu, mai bambance taɓawa da duka. Wanda hannunsa ya saba da ƙwarya ko mandiri zai fi jin daɗin irinta fiye da ta jera fitilu.

Kalangu ba ya tsayawa wuri ɗaya

Abu na biyu ya fi na farko nauyi a wurina. Gangar Bature, da zarar an ɗaure ta, murya ɗaya gare ta har a tashi. Kalangu kuwa a hammata ake riƙe shi, makaɗi na matse tsarkiya yana saki, murya na hawa tana sauka a cikin bugu guda. Da haka yake bin karin sautin Hausa, na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, har ya kira sunan mutum a taro mutumin ya waiwayo. Wanda ya saurari ayarin Mamman Shata ya san kalangan ba rakiya kawai suke yi ba, amsa suke ba shi. Kotson Narambaɗa ma da nasa lanƙwasar. Babu ko ɗaya daga cikin wannan a cikin RD-8 ko wata ɗiyar 808, kuma ba laifinsu ba ne, ba don shi aka yi su ba.

(Abin dariya, sautin da ya fi kusa da gida a cikin yawancin na'urorin nan shi ne wanda aka rubuta wa suna agogo, wani ƙarfe mai baki biyu. Sunan na Yarbanci ne, ya ƙetare teku zuwa Barazil tare da bayi, ya shiga kiɗan samba, daga can injiniyoyin Japan suka ɗauko shi. Kalmar ce dai muka ara muke kiran abin duba lokaci da ita.)

Saboda haka duk wanda kiɗan da ke kansa yake da kalangu, ko kotso, ko ƙwaryar amada irin ta Barmani Choge, ko shantu, dangi na uku ne nasa, kuma a cikinsu ma sai ya bambance. TR-8S da TR-6S suna karɓar sautin da ka zuba musu ta katin ajiya, amma ba sa naɗa da kansu. Sai ka naɗa a wani wuri, ka gyara a kwamfuta, ka kwafa. EP-133 da ƙaramar 'yar'uwarta PO-33 suna da makirfo a jikinsu, ka danna ka buga, shi ke nan, ko da yake PO-33 daƙiƙa 40 kacal take riƙewa. Roland SP-404MKII da Novation Circuit Rhythm da Elektron Digitakt da Akai MPC One duk suna da ƙofar shigar sauti. Bambancin ba ƙarami ba ne ga mutumin da ke da awa ɗaya tsakanin lisha da barci.

Yaya ake sa sautin da aka naɗa ya hau ya sauka? MPC tana iya shimfiɗa bugu ɗaya a kan fuskokinta sha shida, kowace da tata murya. Na Elektron suna barin ka ba kowane gurbi muryarsa. Wannan yana aiki, amma iya wani mizani. Idan na'ura ta ɗaga murya sai sautin ya gajarce ya sirance, idan ta sauke sai ya yi tsawo ya yi kauri, kuma daga wannan murya zuwa waccan tsalle take yi, alhali kalangu zamewa yake. Kunnen Bahaushe na gane jabun nan take. Abin da na ga ya fi kyau shi ne a naɗi jimla sukutum daga hannun makaɗi, a bar ta yadda take, na'ura ta riƙe ƙasa da babbar ganga da tafi da kacau-kacau, kalangu ya yi yawonsa a sama.

Wannan ya kawo zancen haƙƙi. Jaraba ce babba mutum ya yanko daga tsohon kaset na Shata ko Ɗanƙwairo. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, ta kare sautin da aka naɗa, kuma rasuwar mawaƙi ba ta mayar da kayansa na kowa, akwai magada. Ban da doka ma, akwai abin da ya fi sauƙi kuma ya fi mutunci. Makaɗan kalangu suna nan a Mararaba da Suleja da Gwagwalada da kowace unguwa da ake biki. A gayyaci ɗaya, a biya shi, a faɗa masa gaskiyar abin da za a yi da bugunsa. A kuma tambaye shi abin da kowace jimla take cewa, domin kalangu magana yake yi. Kada mutum ya ɗora taken mahauta, ko taken wani basarake, a ƙarƙashin waƙar soyayya, dattawa su ji su yi ta dariya.

Wuta, ƙura da maƙwabta

Yanzu ga tawa sayayyar. Shekaru kaɗan da suka wuce na sayi wata tsohuwar na'ura da aka kawo daga Amurka, da adaftarta ta asali. Na iso gida cikin ɗoki, na nemo abin da zai sa bakinta ya shiga soket, na jona. Ko minti ɗaya ba a yi ba na ji ƙauri. Wutar Amurka bolt 120 ce, tamu 230, kuma an rubuta hakan ɓaro-ɓaro a bayan adaftar, ni ne ban karanta ba, ni da aikina ke nan karanta abin da wasu suka tsallake. Na je na sayo wata adaftar da bakinta ya yi daidai, na ƙarasa abin da ta farko ta fara.

Darasin a taƙaice: a duba bayan adafta, idan an rubuta 100 zuwa 240 ta yi, idan 120 kawai aka rubuta sai da taransifoma. Kuma dacewar baki ba ita ce dacewar wuta ba. Adafta biyu na iya zama bolt tara dukansu, bakinsu iri ɗaya, amma yadda wutar ta juya a ciki ya saɓa; ta ƙananan kayan Boss da ta Volca, wajen juyawar wuta, kishiyoyin juna ne. SR-16 kuwa wata irin wuta take sha daban da ta yawancin adaftocin kasuwa. Wanda zai sayi ta hannu ba tare da adaftarta ba, ya san ya sayi rariya.

A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, batir ba ƙari ba ne. Tun da aka mayar da kuɗin wutar rukunin A naira 225 kowane ma'auni a Afrilun 2024, kowa ya koyi lissafin wuta, amma waɗannan na'urori ba su da ci. Matsalar yankewa ce. Na'urar da ke jone da bango, idan wuta ta tafi kafin ka adana, aikin daren na iya tafiya da ita. TR-6S na aiki da batir huɗu irin na rediyo ko ta wayar USB, wato ma'ajiyar cajin waya ma na iya ɗaukarta. EP-133 batir huɗu ƙanana. Volca da SP-404MKII shida-shida. Circuit Rhythm da MPC Live II nasu a ciki yake, caji ake yi. RD-8 da TR-8S da MPC One sai bango, ko inbata ga mai ita. Batir na da wani amfanin kuma: wutar janareta da wayoyin gidajen haya marasa kyakkyawar mahaɗar ƙasa sukan sa wani gunji ya biyo waya ya shiga abin da ake naɗa, wanda ba ka jinsa sosai sai ka zo saurare. Na'urar da ba ta taɓa bango ba ta tsira daga wannan. A dai riƙa cire batir idan za a daɗe ba a kunna ba, zafin Maris na sa su zubar da ruwa. Da hunturu kuma a rufe ta da ƙyalle, ƙura ce ke fara kashe maɓallan da ake ja da murɗawa, kuma samun kayan gyaransu a nan ba abu ne mai sauƙi ba.

Sai maƙwabta. Sauti mai zurfi shi ne ke ratsa bango. Siririn sauti bulo na tare shi. Babbar gangar 808 tana gurnani ne a wajen girgiza 50 cikin daƙiƙa, daidai irin wanda zai sa mai ɗakin da ke jikin naka ya ƙwanƙwasa ƙofa ƙarfe sha ɗaya na dare. Abin mamakin kuma, wannan gurnanin da ya hana maƙwabci barci, sifikar wayar hannu ba ta iya fitar da shi. Mafi yawan waɗanda za su ji waƙar ɗan'uwana a waya za su ji ta, ta WhatsApp ko Audiomack ko TikTok. Ganga mai zurfi za ta ɓace musu, kalangu da tafi da ƙwarya kuwa a tsakiyar ji suke, suna fitowa raɗau ko a ƙaramar sifika. Na ce masa ya ware kuɗin hedfon mai kyau mai rufe kunne tun kafin ya yi zancen manyan sifiku, kuma duk abin da ya haɗa ya tura wa wayarsa ya saurara kafin ya ce ya gama.

A kuma duba yadda sauti ke fita zuwa kwamfuta. Ƙananan na'urori kamar Volca ƙofa ɗaya gare su, duk gangunan a cakuɗe suke fitowa, ba dama a rage ɗaya a bar ɗaya daga baya. TR-8S na iya tura kowace ganga a layinta ta wayar USB guda. Ga wanda zai kai aikinsa situdiyo a tace masa, wannan na da muhimmanci. Ga mai yi don kansa, ba sosai ba.

Lissafin aljihu

Tun da aka saki naira a Yunin 2023, farashin duk abin da ake saye da dala ya zama wani labari. EP-133 ta fito a kan dala 299, TR-6S wajen 400, TR-8S da MPC One wajen 700. Idan aka yi lissafi a kan naira 1,500 kowace dala, ta dala 300 ta kama naira 450,000, fiye da wata shida ke nan na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a Yulin 2024. Ta 700 ta haura miliyan. Ba a sa kuɗin dako da na kwastam da ribar ɗan kasuwa ba. A shagunan Wuse ko kasuwar Alaba ta Legas fiyano da sifiku ne suka fi yawa, irin waɗannan akwatunan kan zo ne jefi-jefi, galibi na hannu. Wanda ya samu ta hannu ya tafi da hedfon ɗinsa, ya danna kowane maɓalli, ya murɗa kowane abin murɗawa yana saurare ko zai ji ƙarar yashi, ya adana wani abu ya kashe ya kunna ya ga ko yana nan.

Gaskiyar da mai son sayen kaya ba ya son ji ita ce, mafi yawan kiɗan da ke tashe a Najeriya yau ba a kan irin waɗannan akwatuna aka yi shi ba. A laftof aka yi shi, da manhaja irin FL Studio ta kamfanin Image-Line na Beljiyam. Gangar nan mai gurnani ta amapiano da ta taso daga Afirka ta Kudu ta mamaye ko'ina, daga cikin manhajar ta fito. A waya ma akwai BandLab kyauta, da GarageBand ga masu iPhone, da Koala Sampler wadda kuɗinta bai wuce 'yan daloli ba, kuma tana yin kusan duk abin da na lissafa a sama: ta naɗa da makirfon waya, ta yanka, ta jera. To me ya rage wa akwatin? Abu ɗaya, amma ba na raina shi. Mutumin da ya wuni yana kallon allon kwamfuta a ofis, ya dawo ya buɗe waya don yin kiɗa, saƙon oga ne zai fara tarar da shi. Akwati ba ya karɓar saƙo. Yana da maɓallan da yatsa ke ji, kuma iyakarsa na tilasta wa mutum ya gama abu maimakon ya yi ta zaɓe cikin sautuka dubu. Ko wannan ya kai naira dubu ɗari huɗu da hamsin, mai aljihun ne zai faɗa.

Wata 'yar tunatarwa ga masu lissafin cewa na'urar za ta mayar da kuɗinta. Jadawali na biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci shiga gudanar da kasuwanci ko sana'a ta ƙashin kansa, in ban da noma. Yin waƙa a ɗaki don nishaɗi daban, buɗe wurin da ake karɓar kuɗin mutane ana haɗa musu kiɗa daban. Ga lokacin siyasa na matsowa, masu neman waƙar kamfe za su yi yawa. Wanda ke kan albashin gwamnati ya san inda yake taka ƙafa.

Na ce wa ɗan'uwana ya riƙe kuɗinsa wata guda, ya sa Koala a waya, ya ga ko dare nawa zai zauna da ita da gaske. Ya ji haushi, amma ya yi. Ya ƙirga dare goma sha tara. Daga nan ya ba wani abokin aikinsa da ya tafi kwas ƙasar waje saƙon 'yar ƙaramar nan mai kama da kalkuleta, ragowar adashin ya sayi hedfon, ya kuma ware na makaɗi.

Wani dattijo ne daga Mararaba, da muka taɓa gani a bikin wata ƙanwarmu. Ya zo Kubwa ranar Asabar da kalangunsa a cikin buhu, muka kashe fanka, muka rataya barguna a taga. Ya buga jimloli wajen goma, yana faɗa mana abin da kowace ke cewa, ya hana mu biyu daga ciki domin taken wasu ne. Ɗan'uwana ya zaɓi ɗaya, ya ɗora ta a kan gurabe sha biyu, ya sa wa dattijon hedfon. Ya saurara shiru, kai a sunkuye, har jimlar ta zagayo sau huɗu, sannan ya zare abin daga kunnensa.

«Yaro, hannuna ne, ban musa ba,» in ji shi. «Amma ni ban taɓa faɗin magana ɗaya sau huɗu iri ɗaya ba.»

«To Baba, yaya za a yi?»

Ya gyara zaman kalangun a hammatarsa, ya ce a sake kunna masa babbar gangar ita kaɗai. Ya buga jimlar sau huɗu, kowace da inda ya ɗan ja ta ko ya datse ta, ta ƙarshen ya sauke ta ƙasa kamar mai rufe zance. Ɗan'uwana ya ba kowace maɓallinta. Ya goge wasu daga cikin sautukan da na'urar ta zo da su don ya sami wuri, muka ƙara wa dattijon kuɗin mota, ya ce idan an gama waƙar a tura wa ɗansa a waya.